Injin Zanen Yaya Alkasum

Tun da na dawo daga Abijan ban yi aikin yini guda cikakke ba. Duk wanda ya kawo rediyo gyara sai ya ja benci ya zauna, ya ce in ba shi labarin teku. Wasu ma rediyon lafiyarta lau, uzuri kawai suke nema. Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura kullum akwai wurin da nake tsallakewa. To ga labarin nan duka, har da wurin.

Mu 'yan gidan wanzamai ne, a wani ƙauye da ke gefen Dogarawa. Babanmu shi ne Sarkin Aska. Mu biyu ne maza, Yaya Alkasum da ni Sani. Ni tun ina ƙarami jini ke sa ni jiri, don haka da na fito lakwal, makarantar boko, aka bar ni na zo Konni koyon gyaran rediyo. Alkasum shi ya ɗauko hannun Baba. Aski, ƙaho, kaciya, zanen fuska, babu wanda bai iya ba tun kafin gemu ya fito masa.

Shekara tara ke nan, ya cire wa wani jinjiri beli da safe. Jini ya ƙi tsayawa, kafin la'asar jinjirin ya rasu. Babu wanda ya zarge shi. Uban yaron da kansa ya zo gidanmu ya ce kwana ne ya ƙare. Amma bayan mako guda aka wayi gari zabirarsa na rataye a ɗaki, shi ba ya nan. Daga baya masu zuwa cin rani suka riƙa kawo labari cewa an gan shi a Abijan, bakin ruwa, yana yi wa mutanen jirgi zane a jiki da wani inji.

Bara bayan girbi ciwon yana ya rufe idon Baba gaba ɗaya. Dangi suka fara maganar a miƙa zabirar gidanmu ga ɗan baffanmu kafin damina. Baba ya aiko na je. Na same shi zaune a zaure, fuskarsa na kallon inda haske ke shigowa.

Ya ce, "Sani, tafi ka taho min da wanka."

Na ce, "In ya ƙiya fa, Baba?"

Ya ce, "In ya ƙiya, ka dube shi da kyau, ka zo ka faɗa min kamanninshi."

Na tashi daga Konni bisa wata babbar motar albasa. Mu goma sha wani abu ne a saman buhuna. Kusa da ni wani dattijo ne ɗan Badagishiri, Malam Nomau, wanda ya daɗe yana kai da kawowa a hanyar. Da mota ta tashi ya ja rawani ya rufe ido, bai sake buɗewa ba sai lokacin salla. Amma duk garin da muka kusa, sai ka ji murya daga cikin rawanin ta ce, "Dogon Dutsi," ko "Dosso." Na tambaye shi yadda yake ganewa. Ya ce kowane gari da irin girgizar hanyarsa, bayansa ya haddace su. Rana da warin albasa da gunjin mota suka haɗu suka sa ni wani irin hali, ban yi barci ba, ban kuma farka ba. Sai in ga kamar motar tsaye take, bishiyoyi ne ke tafiya gida suna wuce mu.

A Yamai aka hau da motarmu cikin wani faffaɗan jirgin ruwa don ƙetare kogi. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin garinmu ba, na sauko na rungumi ƙarfen gefen jirgin da hannu biyu. Wata tsohuwa Bazabarmiya mai tallan kifi ta dube ni ta yi ta dariya, ta miƙo min busasshen kifi guda. Ban iya sakin ƙarfen na karɓa ba, sai ta sa min shi a aljihu.

A iyakar ƙasar Mosi na sha wuya. Jandarman da ke duba kaya ya buɗe jakata, ya ga wayoyi da ƙarfen narka dalma da ɗan akwatina mai allura na awon wuta. Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya kira babbansu. Suka zaunar da ni a benci tun hantsi, suna tambayata wa nake aika wa magana da wannan abu. Faransancina na lakwal duk ya gudu. Can babban ya shiga ciki ya fito da wata rediyo ya dire a gabana, ya ce in dai gaske ni mai gyara ne, ga ta. Tsatsa ce kawai ta ci mazaunin batir. Na kankare, na kunna, sai kiɗa ya tashi, su duka suka washe baki, aka kawo min ruwa a moɗa. Na fito a guje ina tsammanin mota ta tafi. Ashe direba ya so tafiya tun ɗazu, Malam Nomau ne ya shimfiɗa buzunsa a gaban tayar mota ya kama nafila, in ya sallame ya sake tayarwa. Da ya gan ni ya shafa addu'a, ya naɗe buzu, ya hau ya rufe ido.

A Wagadugu abin da ya fi ba ni mamaki mata ne bisa kekuna, da goyo a baya da tulu a kai, suna tafiya suna hira. A nan muka shiga jirgin ƙasa. Wannan tafiyar har yanzu in na tuna ta sai in ga kamar wani ne ya ba ni labarinta. Ƙasa ta fara ja, sannan ta yi duhu, bishiyoyi suka yi ta matsowa suna tsawo har sama ta zama kamar siririn zare a bisa kanmu. Iska ta yi nauyi, kamar an jiƙa zane an rufa maka. A kowace tasha mata na miƙo ayaba da abarba ta taga. Na sayi abarba, na gantsara ta da ɓawonta don ban san ana ferewa ba, leɓena ya yi ta zafi har Abijan. Malam Nomau ya leƙo daga rawani ya gani, ya ce shi ma haka ya yi zuwansa na fari, ya koma.

Ya kai ni masaukin mutanenmu a unguwar Tarashibil, gidan wani Alhaji Bube. Ɗaki guda, Adarawa cike, kowa da tabarmarsa da akwatinsa a matsayin matashi. Abincin can garin rogo ne da ake turarawa kamar dambu, suna ce masa aceke, da soyayyen kifi da barkono. Yana da ɗan tsami. Kwana biyu cikina bai yarda da shi ba, daga baya har nema nake. Mutanen garin ba sa doguwar gaisuwa. Kana cikin tambayar mutum gajiya da iyali, sai ka ga ƙeyarsa. Kuma ana ruwan sama a lokacin da a gida ko gajimare babu, ba wanda ke ɗaga kai ya duba.

Kwana uku ina yawo a bakin tashar jiragen ruwa ina tambayar Alkasum. Ba wanda ya san sunan. A rana ta huɗu na tsaya wurin wata mata mai soya ayaba. Ta ƙura min ido, ta ajiye matsaminta, ta sa yatsa ta bi zanen kumatuna a iska, uku nan, uku nan. Sannan ta nuna min wani lungu. Ba mu ji yaren juna ba ko kalma ɗaya.

Ɗakin katako ne a bayan shagon wani tela. Bangonsa duk takardu ne masu hotuna: tsuntsaye, jiragen ruwa, ƙugiyar tsayar da jirgi, macizai, mata masu wutsiyar kifi. Yana zaune a ƙofa yana ɗinke takalminsa. Ya rame, furfura ta fito masa a gefen kai. Na yi sallama. Ya amsa bai ɗago ba, sai da amsar ta fita daga bakinsa sannan hannunsa ya tsaya.

Ya ce, "Sani."

Na ce, "Yaya."

Muka gaisa gaisuwar gida, doguwa, ya tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya, har da jakin da ya daɗe da mutuwa. Ya bar Baba ƙarshe. Na faɗa masa zancen ido, da zancen zabira, da saƙon da aka ba ni. Ya saurara yana kallon ƙasa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce in je in ɗauko kayana daga masauki.

Da yamma na tambaye shi injin da ake faɗa. Ya ce wata guda ke nan da ya mutu, dako yake yi a tashar jiragen kafin Allah ya kawo mafita. Wani tsohon matuƙin jirgi ne, Papa Antuwan, ya ɗauke shi, ya koya masa, da zai rasu ya bar masa injin da takardun bango. Yaya ya kai injin wurin masu gyara biyu, ɗaya ya ce bai san irinsa ba, ɗaya ya so ya ɓalle shi ya saida wayar. Ya ciro shi daga cikin wani tsumma mai mai, ya ɗora min a hannu kamar mai miƙa jinjiri.

Ku da kuke tambayata yadda abin yake, ga shi. Girmansa bai fi tafin hannu ba, amma da nauyi. Gangar jikinsa ƙarfe ce mai lanƙwasa. A zaune cikinta akwai bobin biyu, wato gajerun ƙusoshin ƙarfe, kowanne an naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe, naɗi bisa naɗi, kamar zare a kwarkwaron masaƙi. A samansu akwai ɗan sandan ƙarfe kwance, bai taɓa su ba. Abin da ke riƙe da sandan rasor ne, fallen ƙarfe wanda in ka danna shi yake dawowa, an ɗaure shi a bayan gangar. Bisa sandan akwai rasor na biyu, siriri, ya ɗaga kai ya jingina da bakin wani bis, ƙusa mai zare da ke saukowa daga sama. A hancin sandan ake rataya doguwar allura, ta bi ta cikin ɗan bututu, bututun nan shi mai zane ke riƙewa kamar alƙalami. Sai roba da ke matse allurar kada ta yi lilo.

Ina ganinsa na gane shi, don ɗan'uwan ƙararrawar lantarki ne irin ta ƙofar buro, wato ofis. Waya biyu ke zuwa daga batirin mota, ta bi ta wani mataki a ƙasa. In ka taka, wuta ta shiga ta bis, ta sauka kan siririn rasor, ta ratsa bobin. Nan take ƙusoshin nan su zama maganaɗisu, su fizgo sandan ƙasa, allura ta leƙo ta soki fata. Amma da sandan ya sauka ya janye siririn rasor daga bakin bis, hanyar wuta ta yanke, maganaɗisu ya mutu. Rasor na baya ya ɗaga sandan, allura ta koma ciki, siririn ya sake taɓa bis, wuta ta dawo. Haka yake ta yi, kama ka saki, sau da yawa kafin ka ƙifta ido. Allurar ba rami gare ta ba kamar ta likita. Ana tsoma bakin bututun a tawada, sukar ce ke shigar da ita ƙarƙashin fata.

Ciwon injin kuwa ban yi minti ɗaya ba na gan shi. Duk lokacin da rasor ya rabu da bis, tartsatsi ke tashi. Saboda haka ake sa wani ɗan abu tsakanin bobin, kondansate, mai shanye tartsatsin. Nasa ya kumbura ya mutu tun da daɗewa, tartsatsi ya yi ta cin siririn rasor har ya huda shi ya tsage. Aikin rabin yini ne.

Yaya ya ce, "Ƙaƙa ka gani?"

Nan ne wurin da nake tsallakewa. Na juya injin a hannuna, na tuna Baba a zaure. Na ce a raina in wannan abu ya tashi, Alkasum ba zai bar garin nan ba. In bai tashi ba, dako zai gajiyar da shi ya bi ni. Sai na ce, "Bobin ɗin sun ƙone, Yaya. Sai dai Turai."

Ya dube ni, ya ce, "To." Ya karɓa ya naɗe a tsumma.

Na zauna wurinsa kwana shida da wannan ƙarya. Da safe ya tafi dako, ni in zauna cikin ɗakin katako, hotuna na kallona. Zafi ya sa in riƙa gyangyaɗi, in ga tsuntsayen bango na motsi. Wata rana ya kai ni bakin teku. Na yi tsammanin zan ji tsoro, sai na ji barci kawai. Ruwan na zuwa yana komawa, ba gaɓa a ɗaya gefen, jirage na tsaye can nesa kamar garuruwan da aka manta. Muka zauna a yashi. Na ce masa ni abin da ban gane ba, mu a gida uba ke sa a yi wa jinjiri zane don a san ɗan wane gida ne, a nan kuma ƙato da gemunsa ke zuwa a zana masa tsuntsu. Na ce Alhaji Bube ma ya ce malamai ba su son abin.

Ya ce, "Awo, na ji. Ban yi wa kaina ko ɗigo ba. Amma mutanen nan, Sani, ruwa ka cinye su. In anka tsamo gawa a wata ƙasa, zanen ne ka faɗin ko wane ne. Da namu da nasu ban ga nisa sosai ba. Mu baƙin tukunya, su tawada."

A cikin kwanakin nan akwai wani mutum da ke zuwa kowace safiya. Josef sunansa, kukun wani jirgi ne, babba mai farin kai, daga wasu tsibirai da ban san inda suke ba. Sai ya zauna a bakin ƙofa, ya naɗe hannun riga, ya dubi damtsensa. Haruffa uku ne a wurin, sai rabin na huɗu. Tela maƙwabci, wanda yake jin Hausa kaɗan, ya ce min sunan ɗiyarsa ne, ta rasu yana bisa ruwa, bai ga kabarinta ba. Ana cikin rubuta sunan injin ya mutu. Jirginsu ya je ya dawo, ƙarshen mako kuma zai tashi, ba a san ranar dawowarsa ba. Josef bai taɓa yi min magana ba. In ya gama zamansa sai ya sauke hannun riga, ya ɗaga min kai, ya tafi.

Ranar Alhamis na ce wa Yaya ya yi min aski, gashina ya taru. Na ciro aska daga jakata, wadda nake gyara gemu da ita, na miƙa masa. Ya karɓa. Ya jiƙa min kai, ya tsaya a bayana. Na jira, ban ji komai ba. Da na juya sai na ga askar na kaɗawa a hannunsa kamar ganye. Ya riƙe wuyan hannun da ɗaya hannun, bai daina ba. Ya ajiye ta a kan benci a hankali.

Ya ce, "Tun ranar nan haka yake. Buhu ba ya sa shi rawa, allurar ɗinki ba ta sa shi. Aska kaɗai. Da Papa Antuwan ya fara ba ni injin, na ce mai ba ni iyawa. Ya ce in riƙe dai. Ina takawa injin ya kama tashi rawar, ta haɗiye tawa. Na ja layi a ɓawon ayaba, ya fito sak. Shekara biyu ke nan rannan ban yi abin kirki da hannuna ba." Ya zauna. "To ka ga wanda Baba ke son ba zabira."

Kaina a jiƙe, ruwa na gangaro min a wuya. Na ce, "Yaya, bobin ɗin lafiyarsu lau. Ƙarya na yi maka."

Ya ce, "Na sani. Idonka ya sauka bisa rasor, ka ɗauke shi da sauri. Haka kake yi tun kana yaro in ka ɓoye wani abu."

"To mi ya hana ka magana?"

"Na ga kai ma saƙo anka ba ka. Na ce bari in ga iyakarka."

Washegari da sassafe na shiga kasuwar tsofaffin kaya. Na samo kondansate a cikin wata matacciyar rediyo, da rasor na wani agogon bango da ya fashe. Na yanko falle daidai tsawon tsohon, na goge gefensa da magagari, na huda, na lanƙwasa masa kai. Na kankare bakin bis har ya yi fari. Na like kondansate da dalma. Josef ya zo ya zauna a wurinsa, yau bai naɗe hannun riga ba, hannuna yake kallo.

Saura saiti, wannan kuwa ba nawa ba ne. Tazarar da ke tsakanin bis da rasor ita ce komai: in ta yi faɗi, injin ya yi nauyi yana duka, in ta matse, ya yi sauri ba ƙarfi. Ni na san dalili, shi ya san murya. Ya taka matakin, injin ya yi wani kuka kamar kwaɗo. Ya rufe ido.

Ya ce, "Matse."

Na murɗa bis kaɗan.

"Ƙara. Ya yi yawa, sassauta. Kaɗan dai."

Sai kukan ya daidaita ya zama guɗa ɗaya siririya, kamar amyar zuma da rana tsaka. Tsakanin bis da rasor wani ɗan shuɗin haske na ƙyaftawa. Tela ya tsayar da kekensa. Yaya bai buɗe ido ba, ya ce, "Nan."

Ya tafasa allura da bututu, ya wanke damtsen Josef, ya shafa mai. Ni mai tsoron jini na tsaya har ƙarshe, ban ji jiri ba. Hannunsa na tafiya a hankali, yana share tawada da tsumma, haruffa na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ban san tsawon lokacin ba, guɗar injin ta cika ɗakin har na manta garin da nake. Da ya ɗaga ƙafa, shiru ya sauko. Josef ya dubi damtsensa, ya karanta sunan da ƙarfi sau ɗaya, Madalena, kamar mai kiran yarinya daga ɗaki. Ya kama hannun Yaya ya riƙe, ya kama nawa, ya fita.

Na fara haɗa kayana, don na san aikina ya ƙare. Ina ta kallon Yaya ina haddace shi saboda Baba: furfurar, ramin wuya, tabon buhu a kafaɗa. Shi kuma ya goge injin, ya naɗe shi, ya kai wa tela ajiya. Ya dawo ya ɗauki takalminsa.

Ya ce, "Zabira ba tawa ba ce, kada ka sa rai. Amma ba kai za ka faɗa wa Baba kamannina ba. Bakinka bai iya kwatance."

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta da yawa. Jirgin ƙasa ya mayar mana da sama kaɗan-kaɗan, ƙasa ta sake yin ja. A iyaka babban jandarman ya gane ni, ya ɗaga min rediyonsa daga nesa. Yaya bai cika magana ba. Da muka sauka Dogarawa muka kama hanyar ƙafa, sau biyu yana tsayawa wai ƙaya ta shiga takalminsa. Ban ga ƙayar ba, na dai jira shi.

Baba na zaure. Yaya ya durƙusa, ya yi sallama. Baba ya miƙa hannu biyu ya lalubi kansa, ya bi goshi, ya bi kumatu, ya tsaya a haɓa. Ya ce, "Ka rame." Sannan ya ce a kawo masa ruwa ya sha, ya tambaye shi hanya, kamar wanda ya dawo daga kasuwar Konni.

Ku kun san sauran. Zabira ta tafi gidan baffa, Yaya da kansa ya kai ta. Ya zauna har aka yi shuka, ya koma Abijan, ya ce zai zo bayan girbi. Abin da ba ku sani ba shi ne Juma'ar farko bayan zuwanmu. Da hantsi Baba ya sa aka fitar masa da tabarma ƙarƙashin bedi, ya cire hula, ya ce Alkasum ya zo ya aske shi.

Yaya ya ce, "Baba, hannuna rawa yakai."

Baba ya ce, "Na ji shi ranar da kaz zo. Nawa ma ya yi. Kana goye, na yi wa wani yaro kaciya a Illela, bai tashi ba. Damina biyu ban iya riƙe aska ba."

Yaya ya dubi hannun Baba. Sannan ya ce, "Ba ka taɓa faɗa min ba."

"Na bari ka huce kwana bakwai in faɗa maka. Ran na takwas ba ka nan."

Ni na kawo ruwa da sabulu. Askar na kaɗawa, ina gani. Ya ɗora ta, ya ja kaɗan, ya tsaya, ya numfasa, ya sake ja. Ya yanke shi sau ɗaya a bayan kunne, ɗan jini ya fito. Baba bai motsa ba, ya ce, "Ci gaba." Askin da ake yi kafin a sha fura rabin ƙwarya, ya kai mu har rana ta kusa tsaka. Rawar ba ta daina ba har ƙarshe. Da ya zo ƙeya, sai muka ga kan Baba na sunkuyawa a hankali, ya jingina da gwiwar Yaya. Na matso a tsorace. Yaya ya ɗaga min hannu, ya ce in yi shiru.

Barci ne ya ɗauke shi.